Kan Ma'u, Sunan Indo

A Ƙofar Durbi idan ka ce kana neman Ma'u, sai an tambaye ka wacce daga ciki, domin kusan kowane lungu da tasa Ma'un. Amma ka ce Ma'un Indo, nan take za a nuna maka gida mai koren ƙyaure, wanda katanga ɗaya ta raba shi da nawa. Tun ina koyarwa a firamare har na yi ritaya ina jin tarin mutanen gidan suna jin nawa, saboda haka abin da zan faɗa ba a gidan suna na tsinto shi ba.

Indo ce babba, Ma'u ke bi mata, uwa ɗaya uba ɗaya, 'ya'yan marigayi Malam Sada. Kamarsu har ta yi yawa. Tsawo ɗaya, dogon hanci ɗaya, wushirya ɗaya. In suka zura hijabi, ni kaina sai ɗaya ta yi magana nake gane wadda nake gaisarwa. Maganar kuwa ba ta ɓuya, don Indo sai ta wuni ba ta ce uffan ba, Ma'u kuma ko ita kaɗai ce a tsakar gida za ka ji tana yi wa kaji faɗa.

Sana'arsu haɗa turaren wuta da humra, gadon uwarsu. Ba su da ma'auni sai hancin Indo. Takan sunkuya kan tukunya, ta ja numfashi sau ɗaya, ta ce kajiji ya yi yawa, ko a ƙara farce, ko a sauke maza sukari ya fara ƙuna. Ma'u ce mai daka da juyawa, ita ce mai zuwa kasuwa, ita ke kai wa masu biki kaya har gida ta cika su da surutu. Ta yi aure har sau biyu Allah bai ba ta haihuwa ba, da mijin Indo ya rasu sai ta kwaso komatsanta ta dawo gidan dungurungum. Ba wanda ya yi mamaki, dama can a nan take wuni.

Abin da ya mayar da Ma'u ƙafar Indo ya faru tun suna da ƙuruciya. Wata damina mai yawan ruwa, bayan azahar, Indo na kwance a ɗakin soro tana shayar da jaririyarta, rufin ya rufta. Azara ɗaya ta tokare da gadon ƙarfe ta tsaya daf da goshinta, ƙasa ta rufe sauran. Haka ta kwanta rigingine cikin duhu, ba ta iya juya kai, tana jin yarinyar na kuka a jikinta har kukan ya ɗauke. Maza suka haƙo uwar da rai. Daga ranar Indo ba ta sake kwanciya rigingine ba, ba ta kwana a ɗaki rufe, ba ta shiga cunkoso, ko mota za ta hau sai an ba ta bakin taga.

Sai Ma'u ta riƙa tsaya mata. Suna, biki, dubiya, ta'aziyya, duk Ma'u ce. In aka ce ina Indo, sai ta ce, "Ga ni," a yi dariya a ba ta tabarma. Taron iyayen yara a makarantarmu ma ita ke zuwa. Mu kuma ba mu taɓa ganin aibun abin ba. Ta yaya za mu gani, mu da ake ɗaura mana aure ta bakin wakili, a yi wa mamaci aikin hajji ta hannun wani? In ɗan'uwanka ya je, ai ka je.

Akwai kuma Nu'uman, ɗan farin Indo, wanda yanzu yake aiki a sakatariya har da furfura a gemu. Indo irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "yaron nan" take cewa. In ya zo, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ta amsa fuskarta na kallon bango. Duk maganar da ke tafe da shi sai ya je ya zauna gaban Inna Ma'u ya zazzage mata, ita kuma ta ɗauka ta kai wa uwar, tazarar da ba ta wuce tsawon tabarma ba.

Hayaƙin kasko na shekara da shekaru bai bar su haka ba. Dukansu biyu hanci ya riƙa toshewa, amma na Indo ya fi tsanani. Da fari mura ce wadda ba ta ƙarewa, daga baya ta koma numfashi da baki. Wata ranar sukari ya ƙone ƙurmus a gabanta tana zaune tana kallon tukunyar, sai da ƙaurin ya tsallako katanga na kwatsa musu kira. Ranar na ji kukan Indo, abin da ban ji ba tun bayan ruftawar soro. Ma'u ta ce ba komai, ita za ta riƙa shaƙawa. Ta shaƙa ɗin, ta haɗa, aka kai. Kwalaben suka fara dawowa da saƙo iri ɗaya, wai wannan ba na Indo ba ne.

Nu'uman ya kai ta wani asibiti mai zaman kansa, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Likitan ya zura wani siririn abu mai fitila ya leƙa, ya ce nama ne ya tsiro ya cike hancin, za a yi tiyata ta cikin ƙofofin hanci ba tare da an yanka fuska ba, kuma da yardar Allah ƙamshi zai dawo. Ya rubuta ƙwayoyi da maganin fesawa, ya ce kafin aiki a je a yo sikanin kai, wato hoton cikin kai. Dalilin sikanin ya yi bayaninsa, ban hana masa wannan ba. Amma wa ya yi wa? Nu'uman ya yi wa, rabi da Turanci, mai hancin na zaune gefe kai a sunkuye saboda ɗanta na ɗakin. Abin da ya iso kunnen Ma'u shi ne, "Inna Ma'u, likita ya ce sai an kai mashi hoton kai kana ya yi aikin." Abin da ya iso kunnen Indo kuma, "Hoto suke so."

Wurin ɗaukar hoton daban yake da asibitin. Nu'uman ya shirya komai ya koma ofis, Ma'u ta raka yayarta. Abin da ya faru a can da wanda suka yi a gida, daga bakin Ma'u na ji shi daga baya. Na'urar wani ƙaton farin zobe ce, da siririn gado mai tafiya da kansa. Aka ce Indo ta kwanta rigingine. Ta daure ta kwanta. Aka saka kanta cikin wani matashi mai rami, aka ɗaure goshinta da maɗauri, aka ce kada ta motsa. Da gadon ya fara tafiya, bakin zoben ya taho saitin goshinta, sai Indo ta kurma ihu tana cewa a fiddo mata ɗiyarta. Ta fizge maɗaurin ta diro, ta fita ba takalmi. Ma'aikacin mutumin kirki ne. Ya ce su je ta huta su dawo wani lokaci, in ma ta kama akwai allurar da likita zai iya sa a yi mata ta kwantar mata da hankali. Indo ba abin da ta ji sai cewa za a kashe mata jiki a tura ta ƙarƙashin abin.

Da suka dawo gida ta zauna bakin murhu ta ce, "Ma'u, in dai sai na shiga abin ga, na haƙura da hancin."

"Ki haƙura ki zamna kamar kututture, Yaya? Ke da hancin ga shi ne ranki?"

"Ba ni iyawa. Wallahi azarar nan na gani tana tahowa."

"To bari in gaya ma Nu'uman, ya koma wurin likitan."

"Ki ce mashi mi? Uwarshi ta hita da gudu ba takalmi gaban maza? Allah Shi kiyaye."

Can Ma'u ta ce, "Ciwon ga ai ni ma ina da shi. Hanci ɗaya muka ɗauko wurin Baba. Abin da za su gani cikin naki shi za su gani cikin nawa. Hoto dai suka ce, ko?"

Ranar komawa wasu ma'aikatan ne ke bakin aiki. Aka kira sunan Indo na yanka, "A'isha Sada!" Ma'u ta ce, "Ga ni." Na daɗe ina tsine wa wanda ya yi kiran don bai ɗaga kai ya dube ta ba, sai daga baya na tambayi kaina, in ya ɗaga me zai gani? Ma'u ta kwanta, ta rufe ido, tana salati a zuci, gadon ya shiga ya fito. Ta dawo gida tana tsokanar yayarta, wai abin da ko cizon sauro bai kai ba.

Likita ya duba hoton ya ce naman ya ragu sosai a kan yadda ya gan shi, lallai ƙwayoyin sun yi aiki. Ya ƙara da cewa ginin kan mai sauƙin aiki ne. Nu'uman ya zo da murna ya gaya wa Inna Ma'u, ita kuma ta kai wa Indo. Ranar tiyata Indo ta ƙi kwanciya, sai nas ta ce ba damuwa, ta zauna a jingine. Aka yi mata allurar barci tana riƙe da hannun ƙanwarta, ba ta ma san an kwantar da ita ba. Har yau sauƙin wannan yana damuna.

Aka sallamo ta, aka cire audugar da aka cusa mata. Wata safiya ina soya ƙosai a tsakar gidana sai na ji murya ta saman katanga.

"Malama Zulai! Man ga naki ya tsuhwa, canza shi!"

Na saki matsamin na zagaya gidan da gudu, zani na kwancewa. Na tarar da Indo a tsaye tana shaƙar iska tana dariya, hawaye na zuba, Ma'u na rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. A ranar ta sa aka fito da kwalabe, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yamutsa fuska. "Wa ya zuba miskin ga kamar ana rabonshi a masallaci?" Ma'u ta ce ita ce, kuma ba ta tuba ba. Indo ta zauna ta haɗa humra kwalba guda da hannunta, ta ɗiga mini a bayan hannu. Ƙamshin uwarsu ne sak, wanda unguwa ta kusa mantawa.

A ranakun ne ruwan ya fara. Daga hancin dama yake ɗigowa, fari tas kamar na famfo. In ta yi sujada sai ta ɗago ta ga sallayar ta jiƙe. Ta ce in ya gangara maƙogwaro gishiri-gishiri take ji. Muka ce tsohuwar mura ce ke fita. An gaya mata kada ta fyace, ta kuwa kiyaye, ko a alwala shafa bakin hancin kawai take yi. Indo duk abin da aka gaya mata da Hausar da ta ji tana bi. Sai ciwon kai ya biyo, in ta zauna ya taso, in ta kishingiɗa ya lafa. Na ce a koma asibiti. Ma'u ta ce a ɗan ƙara gani. Ban gane ba a lokacin, ashe tsoro take kada a ce a sake hoto.

Zazzaɓi ya rufe ta wata Laraba da hantsi. Wuya ya sanƙare, haske ya zame mata abokin gaba, kafin la'asar ba ta gane kowa. Muka ɗauke ta a motar Nu'uman, kanta a cinyar Ma'u. Likita yana ganinta ya ce a yo sabon hoto yanzu-yanzu. Aka kwantar da ita rigingine, aka ɗaure goshin, gadon ya shige da ita cikin zoben. Ko yatsa ba ta motsa ba.

Likitan ya kira mu ofishinsa, ni da Nu'uman da Ma'u. Ya jera hotunan biyu jikin allo mai haske, tsoho a hagu sabo a dama. Yaro ne a idona, amma a ranar fuskarsa ta tsufa. Ya yi magana da Hausa zalla, a hankali.

"Tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa akwai wani ƙashi, siriri kamar ɓawon ƙwai. Shi ne rufin hanci, kuma a kansa ƙwaƙwalwa take zaune. Kowa da yadda Allah Ya gina masa nasa. Na wani yana can sama, na wani ya zazzago ƙasa, wani ma damansa daban hagunsa daban. Ni ba ciwon na aika a ɗauko mini ba, ciwon na gan shi da idona. Hanya na aika a duba mini, in san inda ƙarfena zai tsaya."

Ya ɗora biro kan tsohon hoton. Rufin a miƙe yake, dama da hagu daidai. Ya koma kan sabon. Ko ni da ban san komai ba na ga ɓangaren dama ya sauko ƙasa, da ɗan baƙin gurbi a jikinsa.

"Nan na taɓa, don hoton farko ya nuna mini da sauran wuri. Ruwan da kuka ga yana ɗiga, ruwan ƙwaƙwalwa ne. Ta wannan ƙofar sanƙarau ya shiga. Amma kan mutum ba ya sake gini. Waɗannan kawunan mutum biyu ne. Masu hoton sun haɗa mini da na wata."

Ya kai hannu ga waya, ransa a ɓace. Ma'u ta miƙe tsaye.

"Likita, aje wayar. Kada a zalunci kowa. Wancan nawa ne."

Nu'uman ya juyo. "Inna Ma'u, mi kika ce?"

"Ni na shiga. Ba ta iyawa, ka san ba ta iyawa. Hanci ɗaya gare mu, kowa ya sani, duba ka gani." Ta kama hancinta da yatsu biyu tana nuna wa likitan.

"Daga waje, Inna," in ji likitan. Ya cire tabarau ya zauna.

Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni. Wannan bayanin, da wannan Hausar, da ya juya kujerarsa tun ranar farko ya yi wa matan nan biyu, Ma'u ba mahaukaciya ba ce. Na so in gaya masa haka. Sai na dubi Nu'uman, wanda aka yi wa bayanin ya taƙaita shi don bai saba doguwar magana ta isa ga uwarsa ba, na dubi Ma'u da ta yi abin da muka shekara talatin muna yaba mata a kai, na rasa wanda zan zaga. Na fita na zauna kan benci na yi kuka.

Sun yi ƙoƙari, ba zan ce ba su yi ba. Allurai, ƙarin ruwa, har ana shirin ɗinke gurbin in zazzaɓin ya sauka. Bai sauka ba. Indo ba ta farfaɗo ba, ta cika ranar Juma'a kafin a sauko daga masallaci.

Ma'u ce ta yi mata wanka, ta shafa wa likkafanin rabin humrar nan ta ƙarshe. A zaman makoki mata na shigowa suna yin turus in suka ga fuskarta. Wata tsohuwa daga Ƙofar Sauri, wadda idonta ya yi rauni, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Indo, ya haƙuri? Ashe Ma'u lokaci ya yi." Sai wata ce ta ja tsohuwar gefe ta gyara mata.

Nu'uman bai yi mata faɗa ba, da ya yi da ya fi. Har yau yana aiko da hatsi, yana zuwa gaisuwa. Amma daga bakin ƙofa yake durƙusawa, yadda yake yi wa uwarsa, ya gaishe ta ya tashi. Yanzu ba mai ɗaukar magana ya tsallaka da ita tsakar gidan, in ta kama dole ni suke aikowa.

Sana'ar ta mutu. Kaskon na nan kife bayan randa, kaji na hawa. Hancin Ma'u kuma ya bi sahun na yayarta, ya toshe ruf, daga gidana nake jin numfashinta da baki in ta fito alwala. Kwanakin baya likitan nan ya aiko Nu'uman, Nu'uman ya aiko ni. Wai ta zo ya yi mata aikin, ya riga ya san kanta ciki da waje, kuma a duk kawunan da ya gani ba mai sauƙin nata.

Na same ta zaune inda Indo ke zama, na isar da saƙon. Ta ce ta gode. Na ce ba godiya na zo karɓa ba, ta tashi mu tafi. Ta ce ba ta zuwa. Nan fa na sauke mata kwandon faɗa. Na ce zaman nan ba zai dawo da kowa ba, na ce azabtar da kai ba ibada ba ce, na ce Indo da kanta da tana nan sai ta kore ta da muciya. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar humrar, ta buɗe, ta kai hancinta ta ja, ta ja. Ta miƙo mini.

"Yana nan, Malama?"

Na shaƙa. Na ce yana nan, kuma gaskiya na faɗa. Na ce to ba ki son ki ji shi da kanki?

"Aikin da aka yi ma Yaya, a kan kaina aka auna shi," in ji ta. "Nawa an riga an yi. Ita aka kwantar." Ta karɓi kwalbar ta murɗa murfin sosai. "Duk inda aka kira Indo ni ka amsawa, tun muna da ƙuruciya. Wanda ya kamata in bar mata ta amsa da kanta, na yi karambani na amsa. Da aka zo kiran da nike so in amsa mata, ba a tambaye ni ba."

Aka kira la'asar, ta jawo buta, na tashi na zagaya gida.